Darasi na Tara: Yadda Jiki Ke Gane Ƙwayar Cuta da Yadda Saƙonsa Ke Isa Inda Aka Aika Shi

Manufar darasi

Bayan kammala wannan darasi, ana so ɗalibi ya iya:

1. bambanta garkuwar da aka haifi mutum da ita da wadda jiki ke koya daga baya;
2. bayyana yadda sinadarin saƙo ke kama furotin ɗin da ke karɓarsa;
3. faɗin abin da ke jawo kumburi, raɗaɗi da zazzaɓi;
4. gane abin da maganin zazzaɓi ke yi da abin da ba ya yi;
5. sanin alamun da idan an gan su ba a kwana da mara lafiya a gida.

Kalmomin da za mu yi amfani da su

Ƙwayar halitta: mafi ƙanƙantar yanki mai rai a jiki. Ido ba ya ganinta sai da madubin likita.

Furotin: sinadarin da jiki ke ƙerawa daga abinci irin su wake, gyaɗa, ƙwai, nono da nama. Kowane furotin yana da siffarsa, kuma siffar ce ke yanke irin aikin da zai yi.

Sinadarin saƙo: ɗan ƙaramin sinadari da ke sa ƙwayar halitta ta sauya aikinta idan ya same ta.

Makarɓi, jam'insa makarɓa: furotin ɗin da sinadarin saƙo ke kamawa a jikin ƙwayar halitta ko a cikinta.

Bakteriya: wani rukuni na ƙananan halittu. Wasunsu na jawo cuta, da yawa kuma ba sa cutarwa.

1. Garkuwa iri biyu ce

A yankinmu na arewacin Kano, daga Dawakin Tofa zuwa Bichi, daga Minjibir zuwa Ɗambatta, Makoɗa da Kunchi, gona manne take da gona, gida kusa da gida. Ƙasa ba ta samun hutu, don haka kowace shekara sai an kai mata taki. Manomi na yini hannunsa cikin ƙasa da kashin dabbobi, uwargida na share turken awaki, yara na wasa a bakin kududdufi. Ƙasar gonar da za a ɗebo da ƙaramin cokali tana ɗauke da miliyoyin bakteriya. Duk da haka, mafi yawan kwanakinmu lafiya lau muke wayar gari, saboda kariyar da Allah Ya sanya a jikin ɗan Adam.

Kariyar nan iri biyu ce. Ta farko ita ce garkuwar asali, wadda ake haihuwar jariri da ita. Tana fara aiki cikin mintuna ko sa'o'i, kuma ba sai ta taɓa haɗuwa da ƙwayar cuta ba kafin ta gane ta. Ta biyu ita ce garkuwar koyo. Wannan tana ɗaukar kwanaki, wani lokaci har mako biyu, kafin ta kankama a karon farko, amma idan ta san cuta ba ta saurin mantawa da ita. Ita allurar rigakafi ke horarwa. Darasinmu na yau a kan ta farko yake, domin ita ke tare cuta tun daga bakin ƙofa, kuma ita ke tayar da ta biyun.

Ƙwayar halitta ba ta da ido, ba ta da kunne. To ta yaya take sanin baƙon abu ya shigo, kuma ta yaya take sanar da 'yan uwanta? Hanyar guda ce: wani sinadari ya zo ya kama wani furotin. Duk abin da za mu karanta a gaba, daga kumburin ƙafa zuwa sanƙarau, a kan wannan kamun ya ginu.

2. Abin da ke faruwa idan ƙaya ta soki ƙafa

Mu ɗauka wani magidanci ya taka ƙayar aduwa a hanyarsa ta zuwa gona. Ya zare ta, ya ci gaba da tafiya. Ƙayar ta huda fata, ta kuma shigar da bakteriya daga ƙasa.

Cikin mintuna kaɗan, wasu ƙwayoyi da ke zaune a ƙarƙashin fata, waɗanda ake kira ƙwayoyin mast, sukan saki wani sinadarin saƙo mai suna histamin. Histamin ya je ya kama makarɓinsa a bangon ƙananan jijiyoyin jini. Nan take jijiyoyin su buɗe, jini ya ƙara kwararowa, sai wurin ya yi ja ya ɗauki ɗumi. Ƙwayoyin da suka yi bangon jijiyar su ɗan ja da baya daga juna, ruwan jini ya tsattsafo, sai wurin ya kumbura.

A cikin naman kuma akwai wasu manyan ƙwayoyin garkuwa da ake kira makurofaj, masu haɗiye ƙwayoyin cuta. Da zarar sun ci karo da bakteriya sai su saki nasu saƙonnin. Ana kiran wannan dangi na saƙonni saitokin, kuma waɗanda za mu riƙa ambata su ne TNF, IL-1, IL-6 da IL-8. TNF da IL-1 kan sa bangon jijiya ya yi danƙo, ta yadda fararen ƙwayoyin jinin da ke wucewa a guje, musamman masu suna niyutirofil, za su rage gudu, su tsaya, su kutsa ta tsakanin bangon su fito. IL-8 ke nuna musu hanya. Ya fi yawa kusa da ramin ƙayar, yana raguwa da nisa. Gefen niyutirofil ɗin da ke fuskantar raunin ya fi samun makarɓansa a cike, don haka ta can yake rarrafawa.

Raɗaɗin ma saƙo ne. Wani sinadari mai suna furostagilandin kan kama makarɓinsa a bakin jijiyoyin ji, ya sa su ƙara jin zafi. Shi ya sa mutumin ke ɗingishi, ɗingishin kuwa yana hutar da ƙafar. Idan bayan kwana biyu wurin ya tara mugunya, mafi yawan abin da ke cikinta niyutirofil ne da suka mutu a bakin aiki, haɗe da bakteriya da mataccen nama. Kaluluwar da kan fito a matsematsi kuma alama ce ta cewa labari ya kai wurin da garkuwar koyo ke taruwa.

Wani masani ɗan ƙasar Rasha, Élie Metchnikoff, ya ga wannan taruwa da idonsa a shekarar 1882 a garin Messina na Italiya. Ya soka ƙaya a jikin jaririyar wata halittar teku mai siffar tauraro, wadda jikinta garai-garai yake ana hango cikinsa. Washegari ya tarar ƙananan ƙwayoyi sun yi wa ƙayar rubdugu. A 1908 aka ba shi lambar yabo ta Nobel. Amma sanin yadda ƙwayoyin ke gane baƙo ya ɗauki fiye da shekara ɗari bayan wannan gwaji.

3. Yadda saƙo ke kama makarɓinsa

A 1894 wani masanin sinadarai na Jamus, Emil Fischer, ya kwatanta haɗuwar furotin da abin da yake kamawa da kwaɗo da makulli. Kowa ya san makullin shago ba ya buɗe kwaɗon ɗaki, ko da kuwa a rumfa ɗaya aka sayo su. Haka abin yake a jiki. Ga abubuwa huɗu da ya kamata mu riƙe.

Na ɗaya, siffa. Furotin doguwar sarƙa ce da ta nannaɗe kanta, ta bar lungu ko kwarmi a jikinta. Sinadarin da siffarsa ta dace da kwarmin shi kaɗai ke zama daram. Histamin ba ya zama a makarɓin TNF, TNF ba ya zama a na histamin.

Na biyu, jan juna. Dacewar siffa kaɗai ba ta isa ba. A cikin kwarmin akwai wurare masu ɗan caji na lantarki, kuma dole cajin sinadarin ya zama kishiyar na wurin da zai taɓa kafin su ja juna. Akwai kuma wurare masu maiƙo da ke gudun ruwa, waɗanda ke manne wa ɓangaren sinadarin mai maiƙo. Kowane ɗaya daga waɗannan riƙo mai rauni ne, amma idan da yawa suka haɗu a lokaci guda sai kamun ya yi ƙarfi.

Na uku, kamun ba na dindindin ba ne. Sinadarin kan kama, ya saki, wani ya sake kamawa. Idan saƙon ya yi yawa a wurin, mafi yawan makarɓa za su kasance a cike. Idan ya ragu, sai su koma wayam, aikin ya lafa. Da haka kumburi ke sacewa idan rauni ya warke.

Na huɗu, kamun yana sauya makarɓin. A nan furotin ya bambanta da ƙarfe, domin yana da laushi kuma yana motsi. Makarɓa da yawa sun ratsa fatar ƙwayar halitta, kai a waje, wutsiya a ciki. Idan saƙo ya kama kan, sai makarɓin ya murɗa ko ya haɗu da ɗan uwansa, wutsiyar da ke ciki ita ma ta sauya tsayuwa. Furotin na cikin ƙwayar su gane wannan sauyi, su fara aiki. Sinadarin bai shiga ba, amma labarinsa ya shiga.

Daga nan za mu fahimci abu biyu. Jini na kai saƙo ko'ina, amma ƙwayar da ke da makarɓinsa kaɗai ke amsawa. Sannan ɗan saƙo kaɗan kan yi babban aiki, domin makarɓi ɗaya na tayar da furotin da yawa a ciki, kowannensu kuma ya tayar da wasu.

4. Makarɓan da ke gane baƙo

A 1989 wani masani a Amurka, Charles Janeway, ya ce lallai jiki na da makarɓan da ke gane wasu alamomi da ƙwayoyin cuta ke ɗauke da su, waɗanda babu irinsu a jikin mutum. A 1996 Jules Hoffmann da abokan aikinsa a Faransa suka nuna cewa ɗan ƙaramin ƙudan nan mai bin 'ya'yan itatuwa, idan ya rasa wani furotin mai suna Toll, funfuna na cinye shi. A 1998 Bruce Beutler a Amurka ya gano cewa wani furotin mai kama da Toll, wato TLR4, shi ne ke gane dafin bangon bakteriya a jikin ɓeraye. Hoffmann da Beutler sun samu lambar Nobel a 2011 tare da Ralph Steinman.

Ɗan Adam na da irin waɗannan makarɓa guda 10, kowanne da abin da yake kamawa. TLR5 na kama furotin ɗin wutsiyar da wasu bakteriya ke iyo da ita. TLR2 na kama wasu sassan bangon bakteriya. TLR3, TLR7 da TLR8 na cikin ƙwayar halitta, suna jiran sinadarin gadon ƙwayoyin bairus. TLR9 na kama sinadarin gado na DNA irin na ƙwayoyin cuta. Hikimar da ke ciki ita ce, waɗannan alamomi abubuwa ne da ƙwayar cuta ba ta rayuwa sai da su, don haka da wuya ta yar da su domin ta ɓuya.

Mu dubi TLR4 da kyau. Bakteriya da yawa, har da masu jawo taifot, kwalara da sanƙarau, suna da wani sinadari a bangonsu na waje da ake kira LPS. Gindinsa na da wutsiyoyi na maiƙo, galibi guda shida. Wani furotin na cikin jini ke fizgo LPS daga bangon, ya miƙa wa na biyu mai suna CD14, shi kuma ya miƙa wa wani ƙarami mai suna MD-2, wanda ke manne da TLR4. MD-2 na da aljihu mai maiƙo. Wutsiyoyi biyar su shige aljihun, ta shida ba ta samun wuri sai ta kwanta a bakinsa. Wannan ta shidan ita ke taɓo wani TLR4 na kusa ta jawo shi. Idan biyun suka haɗu a waje, wutsiyoyinsu na cikin ƙwayar su ma su haɗu, saƙo ya wuce. Masana a Koriya ta Kudu ne suka fito da hoton wannan haɗuwa dalla-dalla a 2009.

A cikin ƙwayar akwai wani furotin mai suna NF-kB, wanda wani furotin ke riƙe da shi kullum. Idan saƙon ya iso sai a rushe mai riƙon. NF-kB ya shige cibiyar ƙwayar, inda sinadarin gado yake, ya ba da damar a fara ƙera TNF, IL-1 da IL-6. Aikin na da sauri ƙwarai. A gwajin da aka yi wa manya masu lafiya da yardarsu, LPS da bai kai kashi ɗaya cikin miliyan na giram ba ya isa ya jawo zazzaɓi, kuma TNF kan kai ƙololuwarsa a jini cikin kimanin minti 90.

5. Daga jini zuwa ƙwaƙwalwa: zazzaɓin cizon sauro

Babu gidan da bai san wannan ciwo ba, musamman daga tsakiyar damina zuwa kaka. A wuraren noman rani, kamar kewayen madatsar ruwa ta Tomas da ta Watari, sauro kan daɗe har bayan ɗaukewar ruwan sama. Kimanin kashi ɗaya cikin huɗu na masu kamuwa da wannan cuta a duniya a Nijeriya suke.

Ƙwayar cutar da ta fi yawa a ƙasarmu, falsifarum, tana shiga jan ƙwayar jini, ta ci abin da ke ciki, ta hayayyafa. Bayan kimanin awa 48 sai jan ƙwayar ta fashe. Abin da ke zubowa ya haɗa da sabbin ƙwayoyin cutar, da gutsattsarin jikinsu, da wani baƙin gari mai suna himozoyin, wato ragowar jinin da suka ci. Makarɓa irin su TLR2 da TLR9 su kama waɗannan alamomi, makurofaj su saki TNF, IL-1 da IL-6.

Jini ya ɗauki saƙonnin zuwa jijiyoyin ƙwaƙwalwa, su kama makarɓansu a can. Wannan ya tayar da wani furotin mai suna COX, wanda ke ƙera furostagilandin. Shi kuma furostagilandin ya kama makarɓinsa a wani ɗan yanki na ƙasan ƙwaƙwalwa da ke kula da ɗumin jiki. A ka'ida yankin na riƙe jiki a kusan digiri 37. Da kamun ya auku sai ya ɗaga ma'aunin zuwa 39 ko 40.

Ku tuna yaron da ke kwance da daddare, jikinsa rau da zafi, amma yana karkarwa, haƙoransa na haɗuwa, yana cewa, "Inna, a lulluɓe ni." Ba ruɗewa ya yi ba. Ƙwaƙwalwarsa na neman 40, jikinsa na kan 38, don haka sanyi yake ji da gaske. Karkarwar tsokoki ce ke samar da ƙarin ɗumi. Idan saƙonnin suka ragu, ma'aunin ya sauko, sai gumi ya karyo masa, mutanen gida su ce zazzaɓi ya sauka. Saƙon ne ya lafa. Ƙwayoyin cutar na nan cikin sabbin jajayen ƙwayoyi, suna shirin sake fashewa.

Zazzaɓi matsakaici na taimakon jiki, domin ƙwayoyin cuta da yawa ba sa jin daɗin zafi. Amma idan saƙon ya wuce kima sai ya zama ɓarna. Binciken da Dominic Kwiatkowski da abokan aikinsa suka yi kan yara a Gambiya, wanda aka wallafa a 1990, ya nuna cewa yaran da suka rasu da zazzaɓin da ya taɓa ƙwaƙwalwa suna da TNF a jini ninki goma na yaran da ciwonsu bai yi tsanani ba. Wannan ne dalilin da ya sa ake so a kashe ƙwayar cutar tun ba ta yi yawa ba. Shi ne kuma amfanin gidan sauro, da maganin kariyar da ake bi gida-gida ana ba yara 'yan wata 3 zuwa shekara 5 wata-wata a damina, tsarin da Hukumar Lafiya ta Duniya ta amince da shi a 2012.

6. Idan saƙo ya yi yawa: sanƙarau

Dattawan cikinmu ba su manta da bazarar 1996 ba. A wannan annoba fiye da mutum 100,000 suka kamu da sanƙarau a Nijeriya, fiye da 11,000 suka rasu, kuma Kano na cikin jihohin da abin ya fi shafa.

Bakteriyar sanƙarau kan zauna a hanci da maƙogwaron mutane da yawa ba tare da ta cutar da su ba. Ƙurar hunturu da bushewar iska kan raunana fatar cikin hanci, cunkoso a ɗakin kwana mara taga kuma ya sauƙaƙa yaɗuwarta. Idan ta samu shiga jini, tana hayayyafa da sauri, tana kuma zubar da gutsattsarin bangonta masu cike da LPS.

Abin da ya faru a tafin ƙafa shi ne ke faruwa a nan, sai dai a duk jiki lokaci guda. TLR4 na ko'ina su kama LPS. Jijiyoyi su buɗe, ruwan jini ya tsiyaye cikin nama, ƙarfin bugun jini ya faɗi, hannu da ƙafa su yi sanyi. Jini ya daskare a ƙananan jijiyoyi, sai a ga ɗigo-ɗigo masu duhu a fata. Idan kuma kumburin a mayafin ƙwaƙwalwa yake, ƙoƙon kai ba ya buɗewa ya ba shi wuri. Daga nan ciwon kai mai tsanani, da amai, da sanƙarewar wuya ke fitowa, kuma daga nan wasu da suka tashi ke rasa ji. Cutar na iya kisa cikin awa 24.

Saboda haka, 'yan uwa, lokaci ne komai. Kowace sa'a da aka ɓata bakteriya na ƙaruwa, saƙon da ke rikita jiki na ƙaruwa da su. Allurar kashe bakteriya da ake yi a asibiti ita ke tsayar da abin daga tushe. Rigakafi kuma ya fi. An fara allurar MenAfriVac a 2010 a Burkina Faso, Mali da Nijar, ta iso Nijeriya a 2011, ta kuma karya lagon nau'in A na bakteriyar sanƙarau, wanda ya yi ɓarnar 1996. Da nau'in C ya ɓarke a Zamfara, Sakkwato da maƙwabtansu a 2017, an rasa fiye da mutum 1,000. A 2024 Nijeriya ta zama ƙasa ta farko a duniya da ta fara amfani da sabuwar allurar Men5CV mai kariya daga nau'i biyar.

7. Me magungunan kyamis ke kamawa?

Magani ma sinadari ne, kuma yana aiki ne ta hanyar kama wani furotin.

Piriton na zama a makarɓin histamin ya tare wurin, kamar makullin da ya shiga kwaɗo amma bai murɗa ba. Shi ya sa yake rage ƙaiƙayi da kumburin harbin zuma. A ƙwaƙwalwa kuma histamin na cikin abubuwan da ke riƙe mutum a farke, don haka maganin ke sa barci. Ba daidai ba ne a ba yaro shi domin ya yi barci.

Ibuprofen na toshe kwarmin COX na ɗan lokaci, asfirin kuwa na manne masa har ya daina aiki gaba ɗaya. John Vane na Ingila ne ya gano a 1971 cewa asfirin na hana ƙera furostagilandin. Ba a ba yaro mai zazzaɓi asfirin, domin yana iya jawo masa mummunar illa a hanta da ƙwaƙwalwa. Farasitamol, wanda aka fi sani da Panadol, na rage furostagilandin a ƙwaƙwalwa, sai ma'aunin ɗumi ya sauko.

Ku lura da kyau: babu ɗaya daga cikin waɗannan da ke kashe ƙwayar cuta. Suna rage saƙo ne, mara lafiya ya samu sauƙi, kuma sauƙin na da amfani. Haɗarin shi ne a ga jiki ya yi sanyi a ɗauka an warke. A ba yaro farasitamol, a kuma kai shi gwajin jini ran nan. Gwajin gaggawa bai wuce minti 20 ba. Idan ya nuna zazzaɓin cizon sauro ne, a sha maganin ACT na kwana uku har ƙarshe, ko da jiki ya yi sanyi tun rana ta farko.

Deksametason ya fi su ƙarfi. Yana shiga cikin ƙwayar halitta ya kama wani makarɓi da ke dakatar da ƙera saitokin. A hannun likita yana ceton rai. A 2020 bincike a Ingila ya nuna ya rage mutuwa da kashi ɗaya cikin uku a tsakanin masu korona da ke kan na'urar numfashi. Amma masu shansa domin ƙiba suna dakushe garkuwarsu da hannunsu. Cuta kan shiga ta yi nisa jiki bai nuna ba, ga kuma haɗarin ciwon sukari da hawan jini.

Haka nan, rashin zazzaɓi ba ya nufin rashin cuta. Jariri sabon haihuwa da yaro mai tamowa na iya ɗauke da cuta mai tsanani jikinsu bai yi zafi ba, wani lokaci ma sanyi yake yi. Makarɓa da saitokin duk furotin ne, kuma daga abinci jiki ke samun kayan ƙera su. Wake, gyaɗa da waken suyan da muke nomawa su fara isa cikin yaranmu kafin su isa kasuwa. Kada kuma a zubar da dakashi, domin nonon farko cike yake da furotin na kariya.

Taƙaitawa

Garkuwar asali na gane cuta ne idan alamar jikin ƙwayar cutar ta kama makarɓi. Ƙwayoyin garkuwa su saki saƙonni, saƙonnin su kama nasu makarɓan a jijiyoyin jini da ƙwaƙwalwa. Kumburi, raɗaɗi da zazzaɓi duk amsar wannan kamun ce. Idan amsar ta tsaya daidai tana kare jiki, idan ta wuce kima tana iya kisa. Maganin zazzaɓi na rage saƙo, maganin cuta na kawar da abin da ya jawo saƙon.

A garzaya asibiti mafi kusa, dare ko rana, idan an ga ɗaya daga cikin waɗannan: jijjiga ko taune-taune, sanƙarewar wuya, kumburin maɗiga, ƙin kama nono ko kasa shan ruwa, amai ba tsayawa, barcin da ba a iya tayarwa, numfashi sama-sama, ɗigo-ɗigo masu duhu a fata, ko zazzaɓi a jikin jaririn da bai kai wata uku ba. Rauni kuma a wanke shi da ruwa mai tsabta da sabulu, kada a sa masa ƙasa, toka ko kashin dabba, a kuma tambayi ma'aikacin lafiya game da allurar sarƙe-haƙora.

Tambayoyi

1. Mene ne bambancin garkuwar asali da garkuwar koyo?
2. Faɗi abubuwa huɗu game da yadda sinadarin saƙo ke kama makarɓi.
3. Me ya sa wurin da ƙaya ta soka ke yin ja, ya kumbura?
4. Wane aiki wutsiya ta shida ta LPS ke yi?
5. Me ya sa mai zazzaɓi ke jin sanyi alhali jikinsa da zafi?
6. Maƙwabciyarki ta ba ɗanta farasitamol, jikinsa ya yi sanyi, ta ce ya warke. Me za ki faɗa mata?

Aikin aji

Ku kasu rukuni-rukuni, mutum huɗu ko biyar. Kowane rukuni ya zana matakan zazzaɓin cizon sauro a takarda, daga fashewar jan ƙwayar jini zuwa karkarwa, ya sa alama a matakin da farasitamol ke aiki da matakin da ACT ke aiki.

Aikin gida

Kowa ya rubuta alamun haɗarin da ke sama a littafinsa, ya karanta wa mutanen gidansa. Ya kuma rubuto sunan asibitin da ya fi kusa da ƙauyensa wanda ke buɗe da daddare, da hanyar da za a samu abin hawa idan buƙata ta taso. Za mu duba amsoshin a zama na gaba, kafin mu shiga darasi na goma a kan garkuwar koyo da allurar rigakafi.